Kafireta ko injekta a tsohuwar motar tsere: yadda ake dubawa daki-daki kafin a cire komai

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Wani ya samo tsohuwar Marsandi SL da ta shekara da shekaru a lulluɓe da tamfol, wani ya shigo da Datsun 280Z ko Golf GTI ta farko, wani kuma 504 Coupé ce ya gada, kuma duk maganar ɗaya ce: bakanike ya ce a cire injektar nan a sa kafireta kowa ya huta, a yarda ko kar a yarda? Wasu kuma akasin haka ne, MGB ce da su mai kafireta biyu ta ishe su da gardamar tashi da safe, suna so su mayar da ita mai kwamfuta. Toh ga amsata tun yanzu don kar in ja ku da nisa. A motar da ta haura shekara 40 mafi yawan abin da ake ɗora wa kafireta ko injekta laifin tanki ne da tiyo da waya da kuma hannun wanda ya taɓa ta a baya. Kafireta tana lalacewa a hankali tana ba ka alama, kuma ko a bakin hanya da sukudireba za ka lallaɓa ta ka isa gida. Injekta in tana da lafiya ta fi ta tashi da sanyi da zafi, ta fi ta tsimin mai, ba ta neman saiti duk bayan 'yan watanni, amma ranar da ta tsaya sai mai geji da littafi ne zai tashe ta. Don haka kafin ka yanke hukunci bi matakan nan a jere, kar ka tsallake.

Kayan da za ka tanada

Gejin auna matsin mai, kuma guda biyu ne, ƙaramin da ke karanta ƙasa da bar 1 na kafireta da babban da ke kai bar 10 na injekta. Gejin kwamfreshan, fitilar taimin, mita ta auna wuta, filageji na bawul, sifanu da sukudireba masu kyau waɗanda ba za su cinye kan jet ba (wato 'yan sukurun cikin kafireta masu ramin da mai ke bi), maganin wanke kafireta na feshi, jarka mai tsabta da kwalba fara. Sai littafin gyaran wannan motar ta wannan shekarar, domin lambobin da zan kawo na kusa ne, na cikin littafin su ne hukunci. Abin kashe gobara kuma ya zama a gefenka, ba a cikin but ba.

1. Fara gane abin da ke ƙarƙashin bonet

Injekta ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan yawancin rikici ke farawa. A tsofaffin motocin tsere iri uku za ka tarar. Akwai ta famfon ƙarfe zalla wadda ba ruwanta da kwamfuta, inji ne ke juya famfon kamar na dizal: Bosch na Marsandi 300SL ta 1954 da 280SL, Kugelfischer na BMW 2002 tii da Fijo 504 mai injekta, SPICA na Alfa Romeo Spider da aka sayar a Amurka, da Lucas na Triumph TR5 da TR6, ita kam famfonta na lantarki ne, abin rarraba man ne inji ke juyawa. Akwai K-Jetronic ta Bosch da ta fito a 1973 a Porsche 911, ita ce a Golf GTI ta farko da Ferrari 308 GTBi da Marsandi da yawa, za ka gane ta da wani faranti zagayayye a hanyar iska da dunƙulen ƙarfe a gefensa, wato kan injektar, mai siraran bututai suna fita ta kansa kamar ƙafafun gizo-gizo. Ƙanwarta KE-Jetronic ita ce a 190E da V-boot na farko-farko da muka sani a titunanmu. Sai ta uku mai birenbos ko kwamfuta, wato D-Jetronic irin ta Porsche 914 da Volvo 1800E da 350SL ta farko, da L-Jetronic irin wadda Datsun ta sa a 280Z daga 1975.

Kafireta ma haka. SU mai kai kamar tulu ita ce a MGB guda biyu, a Jaguar E-Type ta 1961 guda uku, 240Z ma irinta ce ta Hitachi. Zenith-Stromberg ta yi kama da ita amma roba ce a ciki. Sai Weber da Dell'Orto da Solex masu jet-jet da yawa.

Gargaɗi: kar ka yarda da takarda ko rubutun bayan mota. Motocin nan sun bi hannu da yawa, duba lambar da ke jikin abin da kansa ka rubuta ta, da ita za ka yi odar kaya.

2. Inji da wuta tukuna

Kar ka taɓa sukurun mai ko ɗaya sai ka gama wannan. Kunce filogi duka ka auna kwamfreshan da totur a buɗe, abin da kake nema silindojin su yi kusa da juna, bambancin kar ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ya faɗi ƙasa sosai to ba kafiretar da za ta gyara wannan, ba kuma kwamfutar da za ta ɓoye shi. Saita bawul yadda littafi ya ce, da sanyi ko da zafi gwargwadon motar. Sannan ka koma dilko: kontak, kwandensa, rota, murfi, wayoyin filogi, kwayil. Kama sandar dilkon ka girgiza, in tana wasa gefe da gefe taimin ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba. Sa fitilar taimin ka ba ta wuta ka ga alamar tana matsawa gaba lami lafiya tana dawowa, in ta maƙale to 'yan ƙarafan da ke cikin dilkon masu matsar da taimin sun yi tsatsa.

Dalilin da ya sa nake nacewa a nan shi ne alamomin iri ɗaya ne. Misin, fizga, tari ta baya, ƙin silo, duk wuta na kawo su, mai ma na kawo su, kuma gyaran wuta ya fi arha nesa ba kusa ba. Ka kuma kalli launin filogin da ka cire ka jera su bisa tsarin silinda: baƙi mai toka-toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta wani wuri, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai.

3. Tanki, tiyo da filta

Nan ne asalin aikin. Fetur in ya kwana watanni a tanki yana canzawa, ƙamshinsa ya koma kamar na tsohon fenti, ya bar wani ƙaro mai danƙo a duk inda ya zauna, ruwa kuma ya taru a ƙasa ya ci tankin ta ciki. Zuƙo kaɗan daga ƙasan tankin a kwalba fara ka ajiye na 'yan mintuna. In ka ga ruwa ya kwanta ƙasa ko jan gari, sauke tankin gaba ɗaya a wanke, ba maganar zuba sabon mai a kai. Kafireta za ta iya haɗiye ɗan datti ta toshe jet ɗaya ka busa ka wuce, amma kan K-Jetronic da famfunan Bosch da Kugelfischer an yi su ne da tazara ƙanƙanuwa ƙwarai, garin tsatsa kaɗan ya isa ya kassara su, kuma shi ya sa injekta ta yi baƙin jini a wajenmu tun zamanin da ake cika tanki da man galan na 'yan bumburutu. Waɗanda suka sha man da aka shigo da shi mai methanol da yawa a farkon 2022 sun ga yadda gurɓataccen mai ke yi wa ko da sababbin motoci, balle tsohuwar roba ta 1975.

Tiyo kuwa canza su duka, har ƙananan da ke ƙarƙashin mota kusa da tanki da ba wanda ke kallo. Tsohuwar roba takan yi kyau a waje alhali ta tsattsage a ciki. Na ɓangaren injekta nemi mai rubutun SAE J30 R9 a jiki, da kilif irin na injekta mai santsi a ciki wanda ba ya yanka roba. Filta guda biyu ake so a injekta, mai faɗin ido kafin famfo don kare famfon, mai ƙanƙanin ido na ƙarfe bayan famfo.

Gargaɗi: wannan ƙaramar filtar roba fara da ake gani ta ciki, irin ta babur da kafireta, kar a kuskura a sa ta bayan famfon injekta. Fashewa za ta yi ta watsa mai a kan inji mai zafi. Kuma tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai shi wajen mai walda haka kawai wai don an juye man, tururin da ya rage a ciki shi ke tashi da mutum.

4. Auna matsin mai

Ido ba ya auna matsi. Abin da wasu ke yi na zare tiyo su ga mai na tsartuwa su ce famfo lafiya lau, wannan ba gwaji ba ne. Ga inda ya kamata allurar geji ta tsaya, kusan-kusan: SU tana son bar 0.1 zuwa 0.2, Weber kusan 0.2 zuwa 0.25, D-Jetronic bar 2, L-Jetronic kusan 2.5, K-Jetronic wajen 5, Lucas ta Triumph wajen 7. Kaga tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe, shi ya sa famfon wannan ba ya zama a wancan.

Auna da inji a silo, sannan a ba ta wuta ka ga ko allurar na faɗuwa, in tana faɗuwa filta ta toshe ko famfo ya gaji ko wutar da ke zuwa masa ta yi ƙasa. Sa mita a kan wayoyin famfon da kansa yana aiki, in ka ga ya gaza na batir da fiye da bolt 1 to bi rile da fiyus da wayar at kafin ka sayi sabon famfo. Famfon Lucas na TR6 ya yi suna wajen ɗaukar zafi ya daina turawa a rana mai zafi, da yawa masu motar a Ingila ma sun canza shi da na Bosch, toh ka ƙiyasta shi a Sakkwato a watan Afrilu.

Gargaɗi: kafin ka kwance kowane noti a layin injekta rufe shi da tsumma ka sassauta a hankali, matsi na nan a ciki ko da mota a kashe take.

5. In kafireta ce

Fara da neman inda iska ke satar shiga. Mota na silo ka fesa maganin wanke kafireta kaɗan-kaɗan a gindinta da gaskit ɗin manifol da kuma bakin sandar totur ta gefe biyu, in ƙarar inji ta canza a wani wuri to nan ne. Sandar totur da ta cinye ita ce ciwon tsofaffin SU da Solex, kuma muddin tana wasa duk saitin da ka yi yau gobe ya gudu, sai an sa mata sabon bushin. Yi feshin nesa da dilko da salansa.

Daga nan kwance ta a kan tire mai tsabta, ɗauki hoto kafin kowane mataki. Girgiza fulot a kunnenka, in ka ji mai a ciki ya huje. Canza allurar fulot da mazauninta, saita tsayinsa da ma'auni yadda littafi ya faɗa, domin obafulo da baƙin hayaƙi da shan mai yawanci daga nan suke. Jet kuma da magani da iska ake wanke shi. Wayar birki ko allurar ɗinki da ake zura masa tana faɗaɗa ramin, daga ranar motar ta koma mashayiya.

SU: cire tulun ka goge shi da tsumma da fetur kawai, ban da sanfefa, ɗaga fistin ɗin ka sake shi ya faɗo da 'yar ƙara tas ba tare da ya maƙale ba. Zuba mai mara kauri irin SAE 20 a cikin sandar sama, in ya bushe motar za ta riƙa shaƙewa duk lokacin da ka taka totur. A irin HS mai noti a ƙasa ana farawa ne da a ɗaga jet ya yi daidai da ɗan tudun da ke cikin maƙogwaron kafiretar, sannan a sauke shi zagaye 2 cif. In inji ya ɗumama tura ɗan fil ɗin gefe ka ɗaga fistin kaɗan, ƙasa da milimita 1: in ƙara ta ɗan hau ta dawo daidai ne, in ta hau ta zauna mai ya yi yawa, in ta faɗi kamar za ta mutu mai ya yi kaɗan. Stromberg kuwa ɗaga robar cikinta ka haska ta da fitila, ko ƙaramar tsaga ce ta isa ta kashe ƙarfin mota.

In biyu ne ko uku sai an daidaita su. Sassauta sandar da ta haɗa su, sa gejin iska a bakin kowacce, ko ɗan tiyo a kunne ka saurari shuuu ɗinsu har ya zama ɗaya, sannan ka ɗaure sandar. Weber DCOE kan roba mai laushi take zama da gangan don kar girgiza ta kumfanta man cikinta, kar yaron gareji ya ga tana ɗan motsi ya ɗaure ta tamau.

6. In K-Jetronic ce

Wannan ita aka fi zalunta, ita kuma ta fi cancantar a yi haƙuri da ita domin kusan komai nata da geji ɗaya ake gano shi. Gejin yana da ɗan famfon buɗewa da rufewa a jikinsa, ana sa shi tsakanin kan injektar da wata 'yar na'ura da ke manne a jikin inji wadda ake kira WUR, aikinta ta ƙara mai lokacin sanyi ta rage in inji ya yi zafi. Lamba huɗu kake nema kuma a jere.

Ta farko, inji da sanyi tun daren jiya, zare fulogin wutar WUR, haɗa rilen famfo ya yi aiki ba tare da an tashi mota ba, famfon geji a buɗe. Wannan matsin sanyi ne, yana bin zafin gari, littafi na da jadawalinsa, a yanayinmu zai fi na Turai ɗan hawa. Ta biyu, rufe famfon gejin ka karanta babban matsi, wajen bar 5. Ta uku, buɗe, mayar da fulogi, tashi mota ta ɗumama, allura ta hau a hankali ta tsaya wajen 3.4 zuwa 3.8. Ta huɗu, kashe mota ka zauna kana kallon agogo, matsin ya sauka kaɗan ya tsaya, bayan minti 10 zuwa 20 ya zama da saura sama da bar 1. In ya zube ƙasa nan da nan to ga dalilin da ya sa take tashi da safe da kik ɗaya amma in ka tsaya sallah a hanya ka dawo sai ta yi ta gurnani, akumuleta mai riƙe matsin ce ta huje ko bawul ɗin bakin famfo ko nozul na ɗiga, mai ya tafasa a cikin bututu. Gyaran wannan bai kai kuɗin kafireta da manifol ba, amma saboda shi kaɗai an cire injektoci ba adadi.

In matsin zafi ya wuce misali, sau da yawa 'yar rariyar da ke bakin WUR ce ta toshe, sai mota ta rasa mai ta riƙa tari. Sannan ka taɓa farantin da yatsa a hankali, famfo a kashe, ya motsa sumul ba tare da ya goga gefe ba, kuma ka ji sandar cikin kan tana biyo shi. In ta maƙale ƙaron tsohon mai ne. Zaro nozul ɗin ka sa kowanne a kwalbarsa ka ga feshinsu da yawan abin da suka zubar, su zo daidai da juna, feshin ya zama hazo ba tsartuwa ba. Robobin da suke zama a ciki canza su duka, sukan bushe su zama hanyar iska.

Gargaɗi uku a nan. Famfo na aiki kar ka danna ko ɗaga farantin alhali nozul na cikin inji, mai zai cika silinda, in ka yi kik a haka kana iya lanƙwasa kwanrod. Sandar cikin kan ba a goga ta da sanfefa kuma ba a musanya ta da ta wani kan, tare aka yi su. Sukurun saitin mai da ake shiga da alanki mai milimita 3 shi ne na ƙarshe da za ka taɓa, kaɗan-kaɗan, kuma ka zare alankin kafin ka ba ta wuta.

KE-Jetronic ba ta da WUR, wani ɗan baƙin akwati ne a gefen kan ke wannan aikin da umarnin birenbos. In kana jin warin fetur a wajen duba shi, yakan yi yoyo.

7. In mai birenbos ce

Birenbos ɗin shi ne na ƙarshe da ke mutuwa, shi ne kuma na farko da ake zargi. Fara da wayoyi, robar jikinsu ta bushe da zafin shekaru, fulogai sun yi kore. Goge duk wayoyin at da ke ɗaure a jikin inji har ƙarfe ya yi haske. Sensar zafin ruwa ta L-Jetronic auna ta da mita, da sanyi wajen om 2,000 zuwa 3,000, da zafi ta sauko wajen 300. In wayarta ta katse birenbos zai ɗauka ana tsananin sanyi ya yi ta ambaliya da mai har filogi su jiƙe. Lanƙwasa babbar robar da ke tsakanin ma'aunin iska da totur ka duba cikin lanƙwasarta, tsaga a nan na hana silo. Baƙin murfin da ke kan ma'aunin iskar kuma a bar shi a rufe, duk wanda ya buɗe ya juya sifirin ɗin ciki ya ɓata abin da ba zai iya mayarwa da ido ba.

D-Jetronic tana da wasu kontak na daban a can ƙasan dilko waɗanda ke ba nozul umarni, da sensar matsin manifol mai siririn faifai a ciki da ke tsagewa. Zuƙi tiyonta ka toshe da harshe, in ba ta riƙe ba ta tsage.

Gargaɗi: nozul ɗin D-Jetronic na bolt 3 ne, kar rewaya ya gwada shi kai tsaye da batir. Kuma dabarar nan ta zare kan batir mota na aiki don a ga ko altaneta na caji, ita ce hanya mafi sauri ta ƙona birenbos ɗin da babu irinsa a kasuwa. In za a yi walda a bodi a zare shi tukuna.

8. In ta famfon ƙarfe ce

Taƙaitacce ne: kar ka buɗe famfon. Abin da ke hannunka shi ne bel ko taimin ɗinsa, man da ke shafa shi, sandunan totur da tsayinsu ke da ma'auni a littafi, da na'urar ɗumama inji wadda a SPICA ita ce ta fi mutuwa. Zaro sandar baƙin mai ka sansana, in warin fetur ne ko man ya ƙaru da kansa to famfon na zubar da fetur cikin inji, tsayar da motar. 300SL tun tana sabuwa an san ta da wannan, shi ya sa ake yawan canza mata baƙin mai. Ciki kuwa aikin masu benci ne na musamman, yawancinsu a Jamus da Ingila da Amurka suke.

9. Gwajin hanya

Gwada ta a yanayi huɗu: tashin safe, tafiya har ta yi zafi, cunkoso tana silo na tsawon lokaci, da sake tashi bayan ta huta minti 15. Kafireta a na uku da na huɗu take nuna halinta, mai na tafasa a cikinta musamman a MGB da Triumph da salansa ke ƙarƙashinta, don haka tabbatar farantin kare zafin yana nan kuma tiyon mai bai kwanta a jikin inji ba. In ka saita ta a Kano ka hau Jos mai tudu wajen mita 1,200 za ta ɗan ƙara shan mai saboda iska ta yi sauƙi, ba lalacewa ba ce. Kuma waɗannan ƙahonin Weber da ake bari a buɗe don kyau da ƙara, a hunturu da ƙurar nan tamu ringi kawai suke ci, sa musu filtar iska.

10. Lissafi da yanke hukunci

Da dala zan faɗa tunda kayan odarsu ake yi kuma naira bin ta take. Kayan sabis na kafireta ɗaya bai cika kai dala 100 ba. Sababbin Weber DCOE guda biyu sukan tasar ma dala 1,000 kafin manifol da sandunan totur da jet-jet ɗin da za a yi ta canzawa. Nozul na K-Jetronic kowanne 'yan gomomin dala ne, gyaran kan ko WUR 'yan ɗaruruwa. Gyaran famfon Bosch ko Kugelfischer ko SPICA a wajen ƙwararru yana shiga dubbai. Injekta ta zamani mai zama a mazaunin kafireta irin Holley Sniper ta haura dala 1,000 kafin famfo da layin mai, Speeduino da MegaSquirt sun fi arha amma lokacinka da kwamfutarka za su biya sauran.

Ni dai ga yadda nake gani. In motar ta zo da injekta kuma kayan na nan, gyara ta, ko don darajar motar. Corvette da suka zo da injektar Rochester daga 1957 zuwa 1965 da yawa an cire musu ita an sa kafireta saboda makanikan lokacin ba su gane ta ba, yau masu motocin na neman ta da tsada. Kar kuma ka ɗauka ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi a ko'ina: TR6 mai Lucas ta farko doki 150 ce, ta Amurka mai Stromberg biyu wajen 105, amma Ferrari 308 da ta bar Weber huɗu ta koma K-Jetronic a 1980 sauka ta yi daga 255 zuwa 214 saboda dokar hayaƙi. In motar ta zo da kafireta kuma fita kake da ita jefi-jefi, bar ta da abinta, SU mai sabon bushin da tsabtataccen mai ba ta da rigima. Mai hawa kullum cikin cunkoso da zafi shi ne wanda injekta ta zamani za ta yi wa rana.

In dole sai an koma kafireta, famfon injekta ya fita a sa mai ƙaramin matsi, ko a sa abin rage matsi mai layin komawa tanki. Barin famfo mai bar 5 yana tura wa fulot shi ne gobarar da ake gani a bakin titi. Duba kuma ko birenbos ne ke riƙe da taimin, in shi ne sai an nemo dilkon da ke aiki shi kaɗai. In kuma zamani za ka koma, tanki ya zama wankakke, a ja layin komawa, a huda wa sensar iskar salansa wuri a saman bututun ba ƙasa ba inda ruwa ke taruwa, salansar kar ta yi yoyo kafin wurin, filogi da wayoyinsu su zama masu rezisto don kar su rikita kwamfutar, wutarta kuma a ɗauko ta kai tsaye daga batir.

Ko wanne ka yi, duk abin da aka cire har noti da waya a wanke shi, a toshe bakunan bututun, a sa a kwali a rubuta sunan mota a kai ka tafi da shi gida a ranar, kar ka bar shi a gareji. Motar kuma in za ta zauna, tashe ta duk bayan sati biyu ka zaga da ita har ta yi zafi sosai, in zaman zai kai watanni juye man cikin kafireta, mai injekta kuma ka bar tankinta a cike da sabon mai.